Ba a fafe gora ranar tafiya: magana ga uwaye da malamai

Zan fara da abin kunyar da ya faru cikin gidana, don kada wani ya ce na zo ina nuna mutane da yatsa na manta da kaina.

A watan Agusta na 2023, bayan CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar mana, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar nan ke sha. Kowa ya tuna yadda aka yi. Kuran ya zo awa kaɗan ya ɗauke, iyakoki a rufe, farashin shinkafa da mai ya tashi. Lokacin akwai samari biyu a gidana, ɗaya ya ci BAC, ɗaya yana jami'a. Firji ya daina aiki, tumatir ya soma ruɓewa, famfo ya yi kwana biyu bai ɗiga ba. Da muka koma ga rijiyar maƙwabta, igiyar guga ta tsinke, cikin su biyun ba wanda ya iya ƙullin da zai riƙe. Abin da ya fi damun su shi ne waya ba caji.

Wadda ta fisshe mu kunya ita ce mahaifiyata, tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba. Ta sa aka fiddo randar da muka jefar bayan ɗaki, aka kafa ta kan jiƙaƙƙen yashi, muka sha ruwa mai sanyi. Ta yanyanka tumatir ta shanya. Ta ce duk ranar da famfo ya zo a cika kowane bido kafin a yi komi. Ta ƙulla igiyar da hannunta mai rawa. Ta dube ni ta ce: «Kai da kake malami, wannan karatun naku, a wane aji ake koyon zaman duniya?»

Har yau ban ba ta amsa ba. Ni na yi shekaru ina riƙe da alli, kuma ni na tarbiyyantar da samarin nan. Laifin nawa ne ta fuska biyu, a matsayin malami da matsayin uba. Na kuma san ba ni kaɗai ba ne, shi ya sa nake wannan magana da ku.

Abin da nake cewa a taƙaice shi ne: muna yaye yara masu takarda waɗanda ba su iya tsayawa da ƙafafunsu na kwana uku idan abin da suka saba ya yanke. Ba ƙaddara ta jawo haka ba. Mu muka koya musu raina aikin hannu, a gida da a aji, kuma mu za mu iya gyarawa.

Wace masifa ce ta zo mana ba zata?

Mu daina cewa abubuwan nan suna faɗo mana kwatsam. Dattawanmu sun ga yunwar 1973 da 1974. Sun ga ta 1984 wadda ake kira El Buhari. Mu kanmu mun ga 2005, lokacin da cibiyoyin kula da tamowa a jahar Maradi suka cika da yara. A 2020 kogin Isa ya cika ya shiga unguwannin Yamai. A daminar 2024 ruwa ya kashe mutum sama da 300 a faɗin ƙasa, ya shafi sama da miliyan 1, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe a farkon Satumba, har gwamnati ta ɗage buɗe makarantu daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, saboda azuzuwa sun lalace ko sun cika da waɗanda ruwa ya kora.

Sai kuma wadda ta fi ƙona zuciya. A watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye azuzuwan kara a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. Ba a cika wata bakwai ba, ranar 8 ga Nuwamba, aka sake yin irinta a birnin Maradi, aƙalla yara 25 suka tafi. Babban alhakin yana wuyan waɗanda suka bar ɗiyanmu cikin runfunan kara shekara da shekaru, wannan ba gardama. Amma ina tambayar kowane darakta da kowane shugaban uwayen yara: daga ranar zuwa yau, sau nawa aka busa usur a lakwal ɗinku aka gwada fitar da yara cikin tsari, don kowa ya san ƙofar da zai bi da inda za a taru a ƙidaya su? Akwai bokitin yashi ko ɗaya kusa da runfa? Mun yi kuka, mun yi addu'a, mun koma yadda muke.

Fari, ambaliya, gobara, zazzaɓin damina, tsadar hatsi daga Yuni zuwa Satumba: duk baƙi ne da muka san ranar zuwansu. Wanda ya san baƙo na tafe bai share ɗaki ba, ba shi da bakin cewa an shammace shi.

Yadda muka koya wa yaro ƙin hauya

Malamai ƴan'uwana, mu faɗi gaskiya. A makarantunmu, wane lokaci ne yaro ke riƙe tsintsiya ko hauya? Lokacin da ya yi laifi. Ya makara, a ba shi sharar fili. Ya yi surutu, ya tafi ɗebo ruwa. Bai iya karatu ba, malami ya ce masa: «Kai dai gona ta dace da kai.» Shekara shida yaro yana jin haka, yana gane cewa aikin hannu horo ne, noma kuma zagi ne. Sa'an nan mu zo muna mamaki don ya gama ya zauna fada yana dafa shayi, yana jiran gwamnati ta kira shi.

An daɗe da sanya awoyin aikin hannu cikin tsarin karatun firamare, abin da malamai suka sani da APP. Kowa ya san abin da ya same su. A takarda suna nan, a aji an cinye su da bitar lissafi da Faransanci, domin ba a tambayarsu a jarrabawa. Inda aka yi kuwa, sau da yawa sun koma noman gonar wani babba ko kawo itace gidan malami. Wannan ba koyarwa ba ce, bauta ce, kuma ita ta ƙara ɓata sunan abin ga uwaye.

Uwaye kuma, kada ku yi dariya, naku ya fi. Uba manomi ne, ya san ƙasa kamar tafin hannunsa, amma ya hana ɗansa ɗan kwaleji bin sa gona wai kada hannunsa ya yi kanta. Uwa ta iya sarrafa gujiya ta fidda mai da ƙuli-ƙuli, ta iya daddawa, ta iya adana wake, amma ba ta taɓa zaunar da ɗiyarta ta nuna mata awo da dalili ba. A birni kuwa yaro namiji ya kai shekara ashirin bai iya dafa tuwon da zai ci ba, bai iya ɗinke maɓallin rigarsa ba, bai san inda ake rufe ruwan gidansu ba idan bututu ya fashe. Mun ɗauka gata muke yi masa, alhali muna ɗaure masa hannu ne.

Ilimin yana nan ƙofar gidanmu

Abin takaici shi ne dabarun da duniya ke zuwa koyo wurinmu ba su cikin kayen ɗiyanmu.

Ku dubi sassaben zamani. A farkon shekarun 1980, Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya da ke aiki a yankin Maradi, ya lura cewa kututturan da manoma ke sarewa kowace shekara itatuwa ne masu rai da saiwa a ƙasa. Maimakon a ƙone su, sai a zaɓi tsiro mafi ƙarfi a bari, a sassabe sauran, a kare shi daga dabbobi. Manoman Maradi da Damagaram suka karɓi abin suka yaɗa shi gona zuwa gona. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5 ta wannan hanya, da itatuwa kusan miliyan 200, ba tare da dashe ba. Gawo ya dawo gonaki, yana zubar da ganye da damina, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ɗan CM2 nawa ne zai iya bayyana wannan, ko ya yi shi da wuƙa a hannunsa?

Ku dubi tassa a jahar Tawa. A ƙarshen shekarun 1980 manoman Illela suka ga yadda mutanen Yatenga a Burkina Faso ke haƙa ƙananan ramuka cikin fako da rani, su zuba taki, ruwan farko ya taru ciki, hatsi ya tsiro inda da ko ciyawa ba ta fita. Suka dawo suka gwada, fakon da aka yar ya zama gona.

Ku dubi Mata Masu Dubara, asusun da ƙungiyar CARE ta fara da matan jahar Maradi a 1991. Mata su taru kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yarda, a ba mai bukata bashi, a raba a ƙarshen zagaye. Yau ana bin wannan tsari a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Ku dubi buhun PICS mai ruɓi uku da masu binciken INRAN a Maradi suka yi aiki a kansa tare da jami'ar Purdue ta Amurka: leda biyu masu kauri ciki, buhu ɗaya waje, a busar da wake sarai, a matse iska, a ɗaure kowane ruɓi daban. Ƙwaro ya rasa iskar shaƙa ya mutu, ba a zuba maganin da zai cutar da mai ci ba. Ku dubi matan Mirriya da aka koya wa auna damtsen ɗiyansu da ɗan zare mai launi uku, su gane tamowa tun ba ta yi nisa ba: idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, sai asibiti ba jira. Har randa biyu da yashi tsakani, wadda Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga Jigawa, ya yaɗa don adana kayan miya ba da lantarki ba, ta kai shi ga lambar yabo ta duniya a 2000.

Cikin waɗannan duka akwai lissafi, akwai kimiyya, akwai labarin ƙasa. Me ya sa randa ke sanyaya ruwa? Domin ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa yana tafiya da zafi. Ga darasin kimiyya nan a tsakar gida. Amma mun gwammace yaro ya haddace shi da harshen da bai gama ji ba, ya zuba a takardar jarrabawa, ya manta.

Amsa ga masu gardama

Na san abin da za a ce, don na sha jin sa.

Na farko: «Ban sa ɗana lakwal don ya dawo ya riƙe hauya ba.» Malam, ba wanda ya ce a cire shi daga aji. Ina son ɗanka ya zama likita. Amma ka yi lissafi da kanka: kusan rabin ƴan ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Wace gwamnati ce, ta farar hula ko ta soja, za ta iya ba su duka kujera da albashi? Dubi masu digiri nawa ke tuƙa kabu-kabu a garinku, dubi malamai nawa suka tsufa a kwantaragi. Takarda alheri ce, sai dai ba ta yi wa kowa alkawarin tuwo ba. Likitan da ya iya gyara famfonsa bai rage daraja ba, wanda bai samu aikin ba kuma yana da abin kamawa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na biyu: «Yaran karkara ai aiki ya yi musu yawa, musamman mata.» Wannan gaskiya ce, kuma ba na son a fake da maganata a ƙara wa yarinya kaya. Yarinyar da ke tashi da asuba ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta yi talla, ba ta bukatar ƙarin wahala. Wahala daban, koyo daban. Wadda ta shekara tana ɗaukar ruwa a ka ba a taɓa gaya mata yadda ake tsabtace shi ba, an mora ta ne kawai. Abin da nake nema shi ne a ba ta sanin dalili, a kuma raba aikin: namiji ya koyi girki da wanki, mace ta koyi canza ƙwan fitila da riƙe lissafin kuɗi. Ranar da uwa ta kwanta ciwo, yunwa ba ta tambayar ko wanda ke gida namiji ne.

Na uku: «Komi na Allah ne, tanadi rashin tawakkali ne.» Wanda ya faɗi haka ya koma ya saurari tarihin Annabi Yusuf, tsira da aminci su tabbata gare shi, wanda ya tara hatsin shekarun ƙoshi don shekarun fari, ya ceci ƙasa guda. Kakanninmu da suka fi mu tsoron Allah suna da rumbun tsimi wanda ba a buɗewa sai shekara ta ɓaci. Mu ne muka mai da lalaci tawakkali.

Na huɗu, wadda ta fi nauyi: «Wannan duk hanyar sauke wa gwamnati nauyinta ne.» A'a. Gina azuzuwa na siminti, haƙa magudanan ruwa, cika rumbunan OPVN, biyan malamai kan lokaci, ba makarantun koyon sana'a kayan aiki, duk haƙƙinmu ne a kan hukuma, kuma kada mu gaji da nema. Amma daren da ruwa ya shigo ɗaki ƙarfe biyu, ba minista ne zai ɗauki jariri ba. Awoyin farko na kowace masifa, mutanen gida da maƙwabta ne ke ciki su kaɗai. Kuma al'ummar da ta iya riƙe kanta ta fi ƙarfin yi wa shugabanni magana, don ba a rufe mata baki da buhun shinkafa. Muna ta maganar ƴancin ƙasa a dandali da rediyo. Ƴancin da bai kai ga rumbu da rijiya ba, a baki ya tsaya.

Na biyar, daga malamai: «Ba kuɗi, ba lokaci, yara sun yi yawa a aji.» Na sani, na zauna ciki. Amma yawancin abin da zan lissafa ba ya cin ko dala.

Abin da ya kamata yaro ya iya kafin ya bar firamare

Ya iya haɗa ruwan gishiri da sukari ga ƙanensa mai gudawa idan babu na ƙunshi: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, sa'an nan a nufi asibiti. Ya san cewa ruwan da ba a yarda da shi ba, tafasa shi ake yi ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa, a rufe.

Ya san cewa idan wuta ta kama rigarsa ba gudu ake ba, kwantawa ake a yi birgima. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake ta zuba mata na kimanin minti 20, ba man goge baki ko ɗanyen ƙwai ba. Ya iya danne rauni da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. Ya haddace lamba 18 ta masu kashe gobara da lambar wayar mutum biyu na gidansu.

Ya san ba a ƙetare kori yana gudu ko da ruwan iya gwiwa ne, ba a kwana jikin bangon laka da ya sha ruwa, kuma takardun haihuwa da na gida cikin leda ake ɗaure su a rataye sama. Kafin damina ya fita da manya a yashe magudanar unguwa.

Ya iya wannan lissafi: gidanmu na cin tiya 2 a rana, rumbu ya ba da tiya 400, kwana nawa zai kai mu? Kwana 200. Shekara na bukatar 730, saura 330, daga ina za su fito? Yaron da ya yi wannan lissafi a watan Oktoba zai gane dalilin da ya sa sayar da hatsi da kaka don biki yake komawa sayen shi da tsada da damina. Malam, ga darasin rabawa da ɗebewa nan, ba sai ka nemo misalin jirgin ƙasan da yaro bai taɓa gani ba.

Ya shuka itace ɗaya da sunansa, zogale ko dogon yaro, ya raine shi har ya fita aji shida. Ya iya ƙulli, ya iya allura da zare, ya iya dafa abinci kala biyu, ya iya liƙe tayar keke. Ya riƙe asusu, ko dala biyar ce a mako, ya rubuta shiga da fita.

Wa zai koyar? Garinku cike yake da malamai marasa alli: magini, maƙeri, tela, mai gyaran babur, ungozoma, ma'aikacin lafiya, tsohuwa mai daddawa. Kwamitin CGDES da ƙungiyar uwaye mata su gayyato ɗaya kowane wata, a shimfiɗa masa tabarma gaban aji, darakta ya gabatar da shi da girmamawa. Ranar da yaro ya ga mushe ya miƙe tsaye don maƙeri, ya koyi abin da littafi ba zai koya masa ba. Da babban hutu kuma, maimakon wata uku na yawo da waya, a kai ɗan kwaleji wurin mai sana'a amintacce, da sharaɗin koyo za shi ba aike ba, uba kuma ya riƙa leƙawa.

Sharaɗi ɗaya gare mu malamai: daga yau kada a sake hora yaro da aikin hannu. Shara da ban ruwa su zama juyi na kowa, har da na ɗaya a aji, har da ɗan darakta.

Samarin gidana, bayan abin da ya faru, na tura ɗaya wurin mai haɗa farantan hasken rana, ɗayan kuma kakarsa ta riƙe shi wata guda a madafa da bakin rumbu. Sun yi fushi da ni, sun ce na zubar musu da aji gaban abokai. Yanzu na farkon da kuɗin hannunsa yake sayen littattafan jami'a. Na yi latti, amma da babu gara ba daɗi.

Ku kada ku yi latti irin nawa. A taron uwayen yara mai zuwa, wani ya ɗaga hannu ya tambayi ranar da za a gwada fitar da yara daga aji, da wanda zai kawo yashi, da mai sana'ar da za a fara gayyata. A gida kuma, yau da dare, ka kira ɗanka ka tambaye shi: idan wuta da ruwa suka yanke kwana uku kuma ba na nan, me za ka fara yi? Ka saurari amsar da kyau. Idan ta ba ka tsoro, to ka san inda aiki yake.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu yi tanadi tun da sauran lokaci.